Hawan Sallah da Tuna Zamanin Yaƙi a Ƙasar Ruma

Al'ummomi da dama suna ware ranakun da ake sa tufafin mutanen da, a fito da makamansu, a kwaikwayi zaman da suka yi lokacin yaƙi. A Ingila akan yi irin wannan taro Asabar da Lahadi a filayen shaƙatawa na karkara, don tuna Yaƙin Duniya na Biyu (1939 zuwa 1945). Can hankali ya fi karkata ga waɗanda aka bari a gida: katin rabon abinci da aka soma a 1940, yaran da aka kwashe daga birane saboda bama-bamai, matan da suka karɓi aikin gona da masana'antu. A ƙasar Hausa abin da ya fi kusa da wannan shi ne hawan Sallah, sai dai shi mayaƙin yake nunawa, ba na gida ba.

Ƙasar Ruma, wato yankin Batsari da Safana a yammacin Katsina, tana da dalilin tuna yaƙi fiye da wurare da yawa. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun koma arewa sun kafa Maraɗi, Ruma ta zama bakin daga tsakaninsu da sabuwar masarautar Katsina. A 1836 aka gwabza a Gawakuke, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Bayan 'yan shekaru garuruwan Ruma suka yi tawaye tare da Ɗan Mari, magajin Rauda. Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe su da tsanani, garuruwa suka watse, gonaki suka koma jeji. Dajin Rugu ya haɗiye kufai da dama, ya kuma zama hanyar mahara. Ta nan dawakin Maraɗi suka riƙa ɓullowa a zamanin Ɗan Baskore, daga baya kuma Ƙaura Hasau. A ƙarshen ƙarni na 19 ne sunan Ɗan Waire, barden Ruma, ya cika ƙasa. Yusufu Bala Usman ya bi diddigin yawancin wannan tarihi a littafinsa kan Katsina da ya fito a 1981.

Wanda ya tsaya a Ƙofar Soro ta birnin Katsina ranar Sallah zai ga ragowar wannan zamani tana wucewa ta gabansa. Kowane hakimi yana zuwa da tawagarsa, har da Sarkin Ruma daga Batsari da Yariman Katsina daga Safana, kamar yadda a da kowane mai sarauta yake kawo mayaƙansa a gani kafin a fita. Dakaru suna gaba da baka da kwari. 'Yan tauri suna goga wuƙa a wuya da ciki, makaɗansu na zuga su. 'Yan bindiga kan ɗura albarushi su saki, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, doki marar horo ya yi tutsu. Sannan barade.

Kayan barde ba ado ba ne tun asali. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa, tana tare kaifin takobi. Lifidi kuwa ƙyalle ne da aka cusa wa auduga ko audugar rimi aka ɗinke, ya rufe doki tun daga wuya har cinya, don kada kibiya mai dafi ta kai ga fata. Nauyinsa ya sa 'yan lifidi ba sa sukuwa mai nisa, aikinsu su tsaya kusa da sarki ko su fasa sahun abokan gaba, kuma babban abin da suke tsoro shi ne kibiyar wuta. Kwalkwali yana kare kai. Jahi ma, inda mahaya ke sheƙo da gudu su ja linzami daf da sarki su yi jinjina, gwajin iya riƙe doki ne a tsakiyar gumurzu.

Turawan mulkin mallaka sun ɗauki wannan hawa suka mai da shi abin nuna wa manyan baƙi, kamar na Kano a 1925 don Yariman Ingila da na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya.

Duk da wannan ɗaukaka, hawa rabin labari yake bayarwa. Babu mai fitowa a matsayin manomin da ke noma da baka a rataye, ko matan da suka goya 'ya'ya suka hau duwatsu da jin kuwwa, ko jama'ar da suka yi gayyar haƙa ganuwa suka dasa ƙaya a bayan gari. Su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Haka yake ga yaƙin Hitila, wato Yaƙin Duniya na Biyu. Ana tuna 'yan mazan jiya da suka je Bama, har ana yi musu fareti kowace 15 ga Janairu. Talakawan da aka ɗiba ala tilas zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, da waɗanda aka matsa wa noman gyaɗa, ba su da ranar tunawa. Labarinsu yana bakin tsofaffi ne kawai, tsofaffin kuwa suna ƙarewa, don haka ɗaukar muryoyinsu aiki ne na gaggawa.

Akwai kuma wani bambanci da Ingila. Can ana wasan ne bayan wuta ta mutu shekaru tamanin. A Ruma 'yan bindigar daji sun sake mai da Rugu mafaka, ƙauyuka sun sake tashi, mutane sun kwarara cikin garin Batsari da birnin Katsina suna neman wurin fakewa. A 2019, bayan kashe-kashen da aka yi a ƙauyukan Batsari da maƙwabtansu, masarautar Katsina ƙarƙashin Sarki Abdulmumini Kabir Usman ta soke hawan ƙaramar Sallah, ta ce a yi addu'a a madadinsa.