Baƙin ƴan wasa a kulob: riba ko asara ga ƙungiyar ƙasa?

Kulob yana iya ɗaukar ɗan wasa daga kowace ƙasa muddin yana da kuɗin biyansa, amma ƙungiyar ƙasa ba ta sa wa kowa rigarta sai wanda ya cika sharuɗɗan wakiltar ƙasar. Daga nan saɓanin yake tasowa. Mai kulob kofi yake nema a kakar bana, shi kuwa kocin ƙasa yana buƙatar ƴan gida da suka goge da manyan wasanni. Inda aka fi ganin wannan matsala ƙarara shi ne ƙwallon zari-ruga a Faransa, kuma darasin ya shafi ƙwallon ƙafa a Nijar, tun daga Yamai har zuwa filayen unguwa na Madarunfa.

A 1995 aka halatta biyan ƴan zari-ruga albashi a fili. A watan Disamba na wannan shekarar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin Bosman, wanda ya hana ƙayyade yawan ƴan ƙasashen Tarayyar a kulob-kulob. Hukuncin Kolpak na 2003 ya ƙara buɗe ƙofar ga ƴan ƙasashen da ke da yarjejeniya da Tarayyar, ciki har da Afirka ta Kudu da Fiji. Gasar Faransa mai ƙungiyoyi 14, wato Top 14, ta fi sauran kuɗi, sai taurari suka yi ta kwarara cikinta. Kulob ɗin Toulon ya ɗauko Jonny Wilkinson na Ingila, da Bryan Habana da Bakkies Botha na Afirka ta Kudu, da Matt Giteau na Ostireliya, ya kuma lashe kofin Turai sau uku a jere daga 2013 zuwa 2015.

A daidai wannan lokaci ƙungiyar ƙasar Faransa tana fama. Bayan ta ci gasar Ƙasashe Shida a 2010, ba ta sake ɗaga kofin ba sai 2022. A gasar cin kofin duniya ta 2015, New Zealand ta lallasa ta da ci 62 da 13 a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe.

Dalilin yana cikin tsarin wasan. Ƙungiyar zari-ruga tana da ƴan wasa 15 a fili, kuma wasu gurabe mutum ɗaya ne ke riƙe su. Mai lamba 10 shi ne ke tsara hari, shi ke yanke shawarar a buga ƙwallo da ƙafa ko a miƙa ta da hannu, galibi kuma shi ke bugun tazara. Gasa mai ƙungiyoyi 14 na da irin wannan riga 14 kacal a kowane mako. Idan baƙi suka sa takwas, kocin ƙasa zai zaɓa ne daga mutum shida. Yaro ɗan shekara 20 da ke zaune a benci bayan gwanin duniya yana koyon abubuwa a atisaye, amma ba a koyon natsuwa a mintunan ƙarshe na wasa mai zafi sai a cikin fili.

Maganin da Faransa ta ɓullo da shi a 2010 shi ne dokar JIFF. Tunda dokokin Turai ba su yarda a ware mutum saboda ƙasarsa ba, sai aka dubi inda ya samu horo: wanda ya yi shekara uku a makarantar horar da matasa ta wani kulob, ko shekara biyar yana da rajista da hukumar zari-ruga ta Faransa tun yana matashi, shi ne ɗan gida. An riƙa ɗaga adadin sannu a hankali har ya zama dole mafi yawan ƴan wasa 23 da ake rubutawa a takardar wasa su kasance irin waɗannan, tare da tara ko rage maki ga kulob da ya gaza. Wannan ya tilasta wa masu kulob zuba kuɗi a renon yara. Faransa ta ci kofin duniya na ƴan ƙasa da shekara 20 a 2018 da 2019 da 2023, ta kuma cinye duk wasanninta a gasar Ƙasashe Shida ta 2022 da matasa irin su Antoine Dupont da Romain Ntamack. Har yanzu akwai baƙi a Top 14. Abin da ya canza shi ne ɗan gida ya samu gurbi.

Ƙwallon ƙafa ma ta bi wannan hanya. Ranar 26 ga Disamba 1999 Chelsea ta fito fili da ƴan wasa 11 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya. A 2010 gasar Firimiya ta keɓe gurabe takwas cikin 25 ga waɗanda aka rena a gida, a 2012 aka sake fasalin makarantun matasa, a 2017 kuma Ingila ta ci kofunan duniya na ƴan ƙasa da 17 da na ƴan ƙasa da 20. Masar kuwa ta haramta wa kulob-kulob ɗaukar baƙin masu tsaron gida, domin kada wannan gurbi guda ya kuɓuce wa ƴaƴanta.

A Nijar lamarin na da wata fuska, domin ƙasar ta fi fitar da ƴan wasa fiye da shigo da su. Moussa Maâzou ya tashi daga AS FAN ta Yamai zuwa Lokeren ta Beljiyam, daga nan CSKA Moscow, Monaco da Bordeaux. Mai tsaron gida Kassaly Daouda ya yi wa Coton Sport ta Garwa a Kamaru wasa. Su baƙi ne a can, amma Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ita ce ta ci moriyar gogewarsu: Maâzou ne ya ci ƙwallon da Nijar ta doke Masar 1-0 a Yamai a Oktoban 2010, kuma ƙasar ta je gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012 ƙarƙashin koci Harouna Doula, ta sake zuwa a 2013. Haka Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya na zari-ruga a 2019 da 2023 da ƴan wasa da dama da ke kulob-kulob na ƙetare, alhali New Zealand ba ta kiran wanda ya bar gida.

Ma'aunin ƙarfin gasar cikin gida ya kasance gasar Afirka ta CHAN, wadda ƴan ƙasa masu wasa a kulob-kulob na ƙasarsu kaɗai ke shiga. A wadda aka buga a Aljeriya a farkon 2023, Nijar ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta ƙare ta huɗu. Duk gurbin da baƙo ya riƙe a Sahel SC ko AS Douanes ko Ɗan Kasawa ta Maraɗi, gurbi ne da kocin wannan tawaga ba zai iya zaɓa daga cikinsa ba.

Gundumar Madarunfa tana iyaka da jihar Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, harshe ɗaya da dangi ɗaya a ɓangarorin biyu, don haka zirga-zirgar matasa masu neman inda za su taka leda ba abin mamaki ba ce. Filin wasan Maraɗi da ke kusa ya karɓi wani sashe na gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Hanyar yaron Madarunfa zuwa rigar Mena ta kan bi ta kulob na Maraɗi ne, sannan Yamai, sannan ƙetare. Idan matakin farko ya toshe, sauran ba sa samuwa.

Baƙo nagari yana ɗaga darajar gasa, yana jawo ƴan kallo, yana sa ɗan gida ya ƙara ƙwazo. Amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kwantiraginsa na ƙarewa zai kama hanya. Darasin ƙasashen da suka ci riba abu uku ne: ƙayyade adadin baƙi, kare gurabe masu wuya irin na mai tsaron gida, da tilasta wa kowane kulob riƙe ƙungiyar matasa. Ƙayyadewa kaɗai ba tare da reno ba, gasar take raunanawa ba ta ƙara wa ƙungiyar ƙasa komai.