Atamfar Sin da Mutuwar Masaƙun Arewa

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna. Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, har Kakuri ta zama unguwar ma'aikata, audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta samu kasuwa a gida. Yau galibin masaƙun nan sun zama kango, atamfar da ta cika Kantin Kwari kuwa yawancinta daga ƙasar Sin take zuwa.

An saba ɗora wa 'yan Sin laifin duka, alhali ciwon ya riga su zuwa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi. Nijeriya ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya, WTO, a 1995, Sin ta shiga a 2001. Wato mun buɗe ƙofa a daidai lokacin da masaƙunmu ba su da wutar lantarki, sai ƙona baƙin mai da dizal. Yaya mai saƙa da janareta zai yi gogayya da wanda wutarsa ba ta ɗaukewa? KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aikinta na Kaduna a 2007.

Gwamnatin Obasanjo ta haramta shigo da yadi, amma 'yan fasa-ƙwauri ne suka ci ribar haramcin. Kaya su sauka a Kwatano, su ratsa Nijar, su ɓullo ta iyakokin Arewa.

Ba a musun cewa talaka ya samu sauƙi. Haɗa lefe da fitar da anko sun fi araha, 'yan kasuwar Kano da dama kuma sun yi arziki da zuwa Guangzhou. Su ne ma sukan kai samfurin zanenmu a buga musu kwafinsa. Sai dai arahar nan da aikin yi aka saye ta. Dubban ma'aikata sun koma acaba da ƙwadago, wasu sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Manoman auduga da yawa sun koma masara da waken soya. Abin ya kai har marina: a 2015 masu rini suka yi zanga-zanga a Kano, domin yadin da aka buga wa zane irin nasu a inji ya karya musu ciniki. Wannan ya fi damuna, don idan marini ya bar karofi, ɗansa ba shi da inda zai koyi sana'ar.

An sha zuba wa masaƙu bashin farfaɗowa, a 2019 Babban Banki ma ya hana masu shigo da yadi dalar gwamnati. Muddin ba a samar da tsayayyiyar wuta da irin auduga mai inganci ba, ba a kuma tsare iyaka da gaske ba, kuɗin nan ba zai tayar da ko inji ɗaya a Kakuri ba.