Kafin a Damƙa wa Magini Amanar Gida

Ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024, ɗalibai suna cikin aji a makarantar Saints Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos sai benen ya rufta musu. Mutum 22 suka rasu, akasarinsu yara. A watan Agustan 2022 wani bene da ake kan ginawa ya zube a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano. Kafin nan, ranar 1 ga Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, ya hallaka fiye da mutum 40, har da mai ginin.

Irin waɗannan ne ake ji a rediyo. Ba mai ba da labarin malamin makarantar da ya yi shekaru yana zubin adashi, ya kai gininsa linta, damina ɗaya ta wuce bango ya dare tun daga tushe. Haka kuma mutumin da ke neman kuɗi a Legas ko Saudiyya, yana aiko da kuɗi ana turo masa hotuna ta WhatsApp, ya dawo ya tarar da kango. Babban bene da ƙaramin gida ciwonsu ɗaya: an damƙa aiki a hannun wanda ba a bincika ba, aka kuma sakar masa kuɗi babu mai sa ido.

A da, gini sana'ar gado ce mai shugabanci. Akwai Sarkin Magina a manyan birane, kuma wanda ya ɓata aiki an san gidan da ya fito. Har yau ana ambaton Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da ƙasa da azara. Yanzu kuwa, yaron da ya yi wata shida yana ɗaukar kwanon sarki sai ya sayi cokali da ma'auni, gobe ka ji ana kiransa injiniya.

Shi ya sa ya kamata mai gida ya san wa ke yin me. Mai zanen gida daban, kuma hukumar ARCON ce ke yi masa rajista. Injiniyan da ke lissafin nauyin gini da yawan rodi yana ƙarƙashin COREN, ƙwararren magini kuma yana ƙarƙashin CORBON. Birkila aikinsa jera bulo da yin filasta, kuma nagari a cikinsu ya cancanci girmamawa, sai dai ba shi zai yanke kaurin rodin da za a sa a dakin ba. Duk mai niyyar ɗora bene, ko da nan da shekara goma ne, injiniya ya zama dole tun daga tushe. Izinin gini ma a neme shi da wuri, a KNUPDA in a Kano ne, a KASUPDA in a Kaduna ne, tun kafin a wayi gari a ga jan fenti a bango.

Takarda kaɗai ba ta isa shaida ba. Abin da ya fi tona asirin magini shi ne tsohon aikinsa. Kowa zai iya nuna sabon gida mai ƙyallin fenti. A ce ya kai mutum gidan da ya gina shekara huɗu ko biyar da suka wuce, a duba kusurwar tagogi ko akwai tsaga, a duba gindin bango ko danshi ya ci filasta, a ɗaga kai a ga ko silin ya yi tabon yoyo. Sannan a koma wurin mai gidan, ba tare da maginin ba, a tambaye shi: an gama a kan lokaci? Sau nawa aka nemi ƙarin kuɗi? Da matsala ta taso bayan an tare, ya ɗauki waya? Maginin da ya fara kame-kame a kan wannan ziyara ya riga ya ba da amsa.

Sai batun farashi, inda mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Idan mutum uku suka kawo lissafi, biyu suka yi kusa da juna, na uku ya yi ƙasa sosai, to ragin nan daga jikin ginin zai fito, kuma an san wuraren da yake fitowa. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma bulo mai inci 9 da ake so ya yi ƙwari ba ya wuce 25 zuwa 30 a buhu, amma akwai masu buga bulo da ke fitar da 40 ko fiye. Irin wannan ko a yatsa aka murza sai ya marmashe. Kwaɓin kankare da aka saba da shi kashi ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Mai ha'inci sai ya ƙara yashi da ruwa. Inda zane ya ce rodi mai milimita 16 sai a sa mai 12, a kuma buɗa tazarar da ke tsakani. Da zarar an zuba kankare, magana ta ƙare, babu idon da zai sake ganin abin da ke ciki. Don haka ranar zuba fila da ranar zuba dakin, mai gida ko injiniyansa ya tsaya a wurin tun kafin a fara kwaɓi, ya ƙirga rodi da kansa.

Gaggawa ma tana kashe gini. Kankare yana son ban ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Maginin da ke son cire katakon dakin cikin 'yan kwanaki don ya kai shi wani aiki, kansa yake yi wa tanadi. Haka wanda aka nuna masa filin da a da kududdufi ne aka cike da shara, ya ce ba komai, a haƙa tushe kamar ko'ina. Nagari zai tsaya ya ce a gwada ƙasar tukuna, ko da maganar ba ta yi wa mai gida daɗi ba.

Kunya ce ke hana mutane da yawa rubuta yarjejeniya, musamman in maginin ɗan'uwa ne ko maƙwabci ko abokin sahu a masallaci. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta ko jinga ce ko biyan yini, wa zai sayi kaya, wane irin bulo da rodi da kwano, da ranar gamawa. A rubuta abin da za a yi in kaya suka tashi, domin a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, gine-gine masu yawa suka tsaya cak ana ta jayayya. Kafin alƙalami ya zama kaɗan, sauran kuɗi kuma a biya mataki-mataki: tushe, linta, rufi, filasta, kowanne bayan an duba na baya. A manyan kwangiloli akan riƙe kamar kashi 5 cikin 100 na kuɗin har tsawon wata shida don gyaran abin da ya ɓaci, kuma babu abin da ya hana mai ƙaramin gida ya riƙe nasa har damina ta wuce.

Wanda ke nesa ya raba amanar gida biyu: mai gini daban, mai duba aiki daban, kuma kada maginin ne ya kawo mai dubawar. A biya ta banki, a ajiye rasit ɗin kowane buhu. In kuwa kuɗi ba su isa a yi tushe mai kyau bana ba, gara a katange filin a jira baɗi.