Ranar tunawa da waɗanda suka mutu a kan hanya

Kowace shekara, ran lahadi ta uku ta watan Nuwamba, ƙasashe da yawa su kan tuna da mutanen da suka rasu cikin hatsarin mota. A kan yi taro, a karanta sunayensu, a jajanta ma danginsu. A kan kuma tuna da waɗanda suka tsira, amma suka rasa ƙafa ko hannu.

Wannan rana daga Ingila ta samo asali. A 1990, wani direba ya ƙi tsayawa a jar wuta, ya kashe wani saurayi. Uwar saurayin ba ta zauna da kuka kaɗai ba. Ta tara iyaye irinta, suka kafa ƙungiya mai suna RoadPeace, wato salama bisa hanya. A 1993 suka fara keɓe rana don tunawa da ƴaƴansu. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi ranar, ta zama ta duniya baki ɗaya.

Waɗanda ake tunawa da su ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyon 1 da dubu 190 suka mutu a kan hanyoyi. Wannan adadi ya fi yawan mutanen da aka ƙidaya a birnin Yamai a 2012. Tsakanin masu shekara 5 zuwa 29, babu wata cuta da ta kai hatsarin hanya kisa. Ke nan ƴan makaranta da samari abin ya fi ci.

In hatsari ya auku, a kan ce tsautsayi ne. Amma sau da yawa tsautsayin nan yana da suna: gudu. Dalili kuwa, mota ba ta tsayawa nan take. Ɗan lissafi kaɗan ya isa a gane haka.

Motar da ke gudun kilometir 50 a awa tana cin metir 14 cikin sakan guda. To, ga yaro ya ɓullo daga bayan rumfa yana bin akuya. Kafin idon direba ya gani, ƙafarsa ta kai ga birki, sakan guda ya wuce. Motar ta riga ta ci metir 14. Bayan an taka birki, sai ta ƙara jan kamar metir 14 kafin ta tsaya cik. Jimla metir 28. Wannan fa in birki na da kyau, ƙafafun mota ba su suɗe ba, direba kuma ba ya gyangyaɗi.

In gudun ya kai kilometir 100 a awa, wani zai ce sai a ninka 28 sau biyu. Ba haka ba ne. Sakan guda na farko yana cin metir 28. Jan birki kuwa sau huɗu yake ninkuwa, ya kai metir 56. Jimla metir 84, kusan tsawon filin ƙwallo. Ɗalibin da ya auna wannan tazara da igiya a filin makaranta zai sha mamaki. Kamiyo mai ɗauke da buhunan albasa ko siminti ya fi haka buƙatar wuri, balle in rairayi ya hau bisa kwalta.

Babbar hanyar Nijar, wadda ake kira hanyar haɗin kai, ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙwanni, Madawa, Maraɗi da Tasawa, ta kai Damagaram, ta wuce Difa. Ta tsakiyar garuruwa take ratsawa. Ran kasuwa, masu talla da jakai da amalanke duk bisa bakinta suke. Shi ya sa ake kafa alluna a ƙofar gari don direba ya rage gudu. Wanda ya shiga gari da gudun daji ya san abin da yake yi, ko da ya ce sauri gare shi.

Da dare abin ya fi muni. Ƙananan fitilun mota ba su haskaka fiye da metir 30 zuwa 50. Amalanke kuwa ba ta da fitila. Direba mai gudun 100 ba zai gan ta ba sai lokacin tsayawa ya ƙure.

Mai tafiya ƙasa ma yana da nasa rabon aiki. A Nijar motoci hannun dama suke bi. Saboda haka mai tafiya ƙasa ya kamata ya bi gefen hagu, yana fuskantar motar da ke zuwa. In zai ƙetare, sai ya tsaya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu. In ya hangi mota, ko da nesa take, ya bari ta wuce tukuna. Babban yaro kuma shi ke riƙe hannun ƙanensa har su kai ɗaya gefen.