Hazon Hunturu a Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san Dutsen Kwatarkwashi, domin tun daga nesa yake tarbar matafiyi. Amma a wasu safiyoyin Disamba da Janairu, dutsen nan, duk girmansa, yakan ɓace ɓat. Hazo ke lulluɓe shi daga gindi har ƙololuwa. Direbobi su kunna fitila da hantsi, rana ta fito fara fat kamar faifai, har yaro ya iya kallonta ido da ido.

A cikin garin Gusau lokacin ƙorafi ne: mura, tari, ƙura a kan komai. Son jin yadda manoma ke ɗaukar wannan yanayi ne ya kai marubucin wannan labari wani ƙauye da ke kusa da dutsen, a ƙaramar hukumar Bungudu. Aka gaisa, aka kawo kunu mai zafi, sannan aka haɗa shi da wani dattijo da ke jin ɗumin wutar kara a bakin fadama.

Dattijon bai yi gaggawar amsawa ba. Ya miƙa hannu ya shafi ganyen albasa, ya nuna yatsarsa da ta yi furu-furu.

"Ɗana, ku ƙura kuke gani, mu kuwa taki muke gani," in ji shi. "Tun muna yara iyayenmu ke cewa, shekarar da hazo ya yi kauri mangwaro kan yi fure har ya rufe ganye. Tumatir da albasa da alkama kuwa, sanyin nan shi ne ransu."

Binciken masana bai yi nisa da zancensa ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa. Wurin gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe, ƙasarsa cike da ragowar ƙananan halittun ruwa masu sinadaran da shuka ke buƙata. Ƙurar takan ƙetare tekun Atalantika har ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka.

Da aka gaya wa dattijon haka, sai ya yi shiru, sannan ya ce: "Allahu Akbar! Wato ƙasar Chadi ce ke tasowa ta sauka a gonata, ban biya ko kuɗin mota ba? Wa zai iya wannan in ba Shi ba?"

Ya ce ko da damina akwai abin kallo. A watan Agusta, in an kwana ana ruwa, wani farin hazo mai laima kan kwanta a kafaɗar dutsen, mikiya ta shige ciki ta ɓace, ta ɓullo can sama. Ya ce bai taɓa ganin haka ba face ya yi tasbihi.

Godiyar tasa ba ta mai jin daɗi ba ce. Babbar gonarsa tana can wajen daji, kuma matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukan Bungudu da Tsafe ta raba shi da ita shekara da shekaru. Ɗan filin fadamar nan kaɗai ya rage masa, shi ke ciyar da gida, har da jikoki marayu. Hazon ma ya sake fuska. A da, da an sallame sallar asuba suke kutsawa cikinsa da shanu da fartanya. Yanzu sai sun jira gari ya washe, saboda mutum ba ya son tafiya inda ba ya hango mai zuwa.

Uwargidansa tana kan wani falalen dutse tana baza yankakken tumatir da barkono da kuɓewa. Dugaduganta duk faso, ta shafe su da man kaɗanya. Jikarta na gefe tana tari.

"Inna, sanyin nan bai dame ku ba?"

"Ya dame mu mana," ta ce, tana juya shanyar. "Amma in ba hunturu, ina za ka ga kauɗa? Da damina ka shanya, ruɓewa za ta yi. Wannan ita ce miyarmu har ruwa ya sauka. Alhamdu lillahi."

Dab da azahar ɗan dattijon ya tayar da injin ban-ruwa, ruwa ya bi kwarin albasa. Suna sa ran kai tumatir kasuwar Gusau cikin Fabrairu. Da marubucin ya yi sallama, dattijon ya riƙe hannunsa, ya ce abu ɗaya yake roƙo: a taya su addu'a Allah Ya kawo zaman lafiya, ya samu ya koma ya shuka dawa a gonarsa ta daji kafin ƙarfinsa ya ƙare.