Sauyin Hanyar Jirgin Ruwa da Katin Rigakafin Zazzaɓin Shawara

Gabatarwa

A ranar 10 ga Disamba, 2023, wani katafaren jirgin ruwa na yawon buɗe ido mai suna Serenade of the Seas ya tashi daga birnin Mayami na Amurka domin kewaya duniya cikin kwana 274. Bisa tsarin farko, jirgin zai ratsa Bahar Maliya da Mashigin Suwez ya faɗa Bahar Rum. To amma tun watan Nuwamba na wannan shekara mayaƙan Huthi na ƙasar Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya. Saboda haka a watan Fabrairu na 2024 kamfanin jirgin ya ba fasinjoji zaɓi, suka kaɗa ƙuri'a, aka yanke shawarar kewaya Afirka ta kudu a biyo gaɓar yamma. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, domin a watan Janairu na 2024 kamfanin Carnival ya sanar da sauya hanyar jiragensa 12 bisa wannan dalili.

Ga wanda ke kallo daga nesa, sauyin hanya bai wuce ƙarin kwanaki da ƙarin mai ba. Ga ma'aikacin lafiya na tashar jiragen ruwa kuwa, sauyin hanya kan sauya takardun da zai nema a hannun fasinja. Mutumin da ya biya maƙudan kuɗi domin ya ga gari yana iya ƙarewa a saman jirgi yana hangen garin daga nesa, saboda ba ya da wani ɗan kati mai ruwan ɗorawa wanda ba a buƙace shi ba a ranar da ya sayi tikiti. Dalilin wannan doka yana cikin rayuwar wani sauro da ta wata ƙwayar cuta.

Cutar da Sauron da Ke Ɗaukar Ta

Zazzaɓin shawara cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa, ana kuma samun ta a yankuna masu zafi na Afirka da na Kudancin Amurka. Ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum ta hanyar numfashi ko musafaha. Sai sauro ya sha jinin mai ɗauke da ita, ƙwayar ta yi kwanaki tana hayayyafa a jikinsa, sa'an nan ya ciji wani. A cikin daji cutar tana zagayawa tsakanin birai da sauron daji. A cikin gari kuwa, wani sauro mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, wanda masana ke kira Aedes aegypti, shi ne dillalinta. Wannan sauro da rana yake cizo, yana kuma yin ƙwai a ruwan randa da duro da tsofaffin tayoyi. Ƙwansa na iya yin watanni a busasshen mazubi bai mutu ba, da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe.

Bayan cizo, ƙwayar takan yi kwana 3 zuwa 6 a jikin mutum ba tare da wata alama ba. Daga nan sai zazzaɓi da ciwon kai da ciwon baya da amai. Mafi yawan mutane sukan warke cikin kwana uku ko huɗu. Amma wani ƙaramin kaso, bayan sun ji kamar sun sami sauƙi, sai cutar ta dawo da ƙarfi ta kama hanta da ƙoda, idanu da fata su yi rawaya, jini ya riƙa fita ta baki da hanci. Kimanin rabin waɗanda suka kai wannan mataki sukan mutu cikin kwana 7 zuwa 10. Har yanzu babu maganin da ke kashe ƙwayar kai tsaye. Abin da likita ke yi shi ne tallafa wa jiki har ya farfaɗo.

Darasin Tarihi

Tsoron da tashoshin jiragen ruwa ke yi wa wannan cuta ya samo asali ne daga abin da suka gani. Jiragen ruwa na dā suna ajiye ruwan sha a cikin ganguna, gangunan nan kuwa sun zame wa sauron gidan haihuwa. Ta haka jirgi ke tafiya da sauro da maras lafiya a tare, cutar tana zagayawa tsakanin matuƙa har a isa wata nahiya.

A shekarar 1793 cutar ta ɓarke a Filadelfiya, wadda a lokacin ita ce babban birnin Amurka, bayan isowar jirage daga yankin Karibiyan. Kimanin mutum 5,000 suka mutu a birnin da jama'arsa ba su wuce 50,000 ba. A watan Satumba na 1865 wani jirgi mai suna Hecla ya iso garin Suwanzi na Birtaniya daga Kuba ɗauke da ma'adinin tagulla. Birtaniya ƙasa ce mai sanyi wadda wannan sauro ba ya zama a cikinta, amma an yi zafi a wannan wata, sauron da ya fito daga jirgin ya rayu na ɗan lokaci. Aƙalla mutum 27 na garin suka kamu, 15 suka mutu. Mutanen wancan zamani ba su san sauro ne sanadi ba. Sai a 1881 wani likitan Kuba, Carlos Finlay, ya bayyana wannan ra'ayi, a 1900 kuma ayarin likitocin sojan Amurka a ƙarƙashin Walter Reed suka tabbatar da shi.

Allurar da Katinta

A shekarar 1927 masu bincike da ke da sansani a Yaba ta Legas suka ɗebi jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, wanda ya kamu da cutar ya kuma warke, suka ware ƙwayar daga jininsa. Daga wannan ƙwaya ce Max Theiler, haifaffen Afirka ta Kudu, ya samar da allurar rigakafi a 1937, bayan ya yi ta renon ƙwayar a ƙwayoyin halittar ɗan tsako har kaifinta ya dushe. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1951. Wannan allura, mai suna 17D, ita ake amfani da ita har yau, kuma Cibiyar Pasteur da ke Dakar tana cikin wurare ƙalilan da ke sarrafa ta.

Ƙwayar da ke cikin allurar rayayyiya ce amma raunanniya. Idan ta shiga jiki, garkuwar jiki takan yaƙe ta, ta kuma riƙe kamanninta, ta yadda duk ranar da ƙwaya mai kaifi ta shigo za ta tarar an shirya mata. Wannan shiri yana ɗaukar lokaci. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar sukan sami kariya cikin kwana 10, fiye da kashi 99 kuma cikin kwana 30.

Shaidar allurar ita ce katin nan mai ruwan ɗorawa, wanda alhazai da sauran matafiya suka sani sarai. Yana ƙarƙashin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda suka fara aiki a ranar 15 ga Yuni, 2007. Cibiyar da hukumar lafiyar ƙasa ta amince da ita ce kawai ke iya yin allurar ta buga hatiminta. A dā katin shekara 10 yake yi ya mutu, amma daga 11 ga Yuli, 2016, allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kuma wannan ya haɗa da tsofaffin katuna.

Lambobi Biyu: Shida da Goma

Dokar gaba ɗaya ta ginu ne a kan lambobi biyu da suka fito daga bayanin da ya gabata.

Ta farko ita ce shida, wato mafi tsawon kwanakin da ƙwayar ke ɓoye a jiki. Mutum na iya sauka daga jirgi garau, yana cin abinci yana ɗaukar hoto, alhali ƙwayar na hayayyafa a jininsa. Na'urar auna zafin jiki ba za ta gano shi ba. Shi ya sa dokar ta ba ƙasar da ke da wannan sauro damar killace matafiyin da ya fito daga yankin cutar ba tare da kati ba har tsawon kwana shida. Indiya ta shahara da tsananta wannan mataki. Nahiyar Asiya tana da sauron jingim da jama'a masu ɗimbin yawa da ba a taɓa yi musu allurar ba, amma cutar ba ta taɓa kafuwa a can ba. A shekarar 2016, lokacin annobar Angola, an sami mutum 11 da suka koma Sin ɗauke da cutar, abin da ya nuna cewa fargabar tana da tushe.

Ta biyu ita ce goma, wato kwanakin da garkuwar jiki ke buƙata. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Babu kuɗi ko roƙon da zai gajarta wannan wa'adi, domin jiki ne ya gindaya shi kafin doka ta rubuta shi.

Yadda Sauyin Hanya Ke Sauya Doka

Ƙasashe sun kasu kashi biyu wajen neman katin. Wasu, irin su Gana da yankin Giyana na Faransa da ke Kudancin Amurka, suna neman sa daga kowane baƙo, ko daga ina ya fito. Wasu kuma, irin su Afirka ta Kudu da Namibiya, ba su da cutar, saboda haka suna neman sa ne daga wanda ya fito daga ƙasar da ke da haɗarinta. A wannan kashi na biyu ba a duba fasfon mutum don sanin ƙasarsa ta haihuwa. Inda ya taka ƙafa a kwanakin baya ake dubawa.

A ƙaddara jirgi ya tashi daga Turai zai nufi Kef Tawun kai tsaye, zai kuma tsaya a Walbis Be ta Namibiya. Fasinjojinsa ba su buƙatar katin. Idan aka ƙara masa zango ɗaya a Luwanda ta Angola, ƙasar da ke cikin jerin masu haɗarin cutar, to lissafi ya canja. Tsakanin Luwanda da Walbis Be tafiyar kwana biyu ce ko uku, wato jirgin zai isa Namibiya tun wa'adin kwana shida bai cika ba. Yanzu Namibiya za ta nemi kati, haka ma Afirka ta Kudu. Zango ɗaya ya jawo sharaɗi a kan zango biyu na gaba. Da a ce jirgin daga kudu ya taso ya nufi arewa, da ya wuce waɗannan ƙasashe biyu kafin ya isa Angola, ba za su nemi komai ba. Ashe har jerin tashoshin yana da tasiri.

Sai kuma matsalar lokaci. Idan aka sanar da fasinja cewa jirgi zai tsaya a Takoradi ta Gana nan da kwana bakwai, ko da ya sami allurar a ranar, katinsa bai fara aiki ba sa'ad da za a isa. Jirage kuwa kan sauya hanya ba zato ba tsammani, saboda guguwa, ko yaƙi, ko lalacewar inji, ko ɓarkewar annoba a tashar da za a je, kuma yarjejeniyar da ke jikin tikiti takan ba kamfani wannan dama. Kafin jirgi ya shiga tasha, kyaftin kan miƙa wa hukuma takardar bayanin lafiyar waɗanda ke ciki, wadda ta ƙunshi jerin tashoshin da ya biyo. Da wannan takarda ma'aikacin lafiya ke yanke hukuncin wanda zai sauka. Gudun kada fasinja ɗaya ya jawo wa jirgi jinkiri ne ya sa kamfanoni da dama kan hana maras kati hawa tun daga tashar farko.

Waɗanda Allurar Ba Ta Dace da Su Ba

Da yake ƙwayar allurar rayayyiya ce, ba kowa ake yi wa ba. A ƙa'ida ba a yi wa jariri ɗan ƙasa da wata 9, da mai juna biyu in ba lokacin annoba ba, da wanda jikinsa ke tsananin ƙin ƙwai, domin a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayar, da kuma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ƙwarai. Waɗanda suka haura shekara 60 kuwa sai likita ya auna amfanin da haɗarin, saboda mummunar illar allurar, duk da ƙarancinta, ta fi aukuwa a cikinsu.

Nan ne matsalar ta fi tsanani ga jiragen yawon buɗe ido, domin dattawan da suka yi ritaya su ne suka fi samun lokaci da kuɗin doguwar tafiya. Likita na iya rubuta wa irin wannan fasinja takardar uzuri, amma karɓarta yana hannun ƙasar da za a shiga. Takardar kuma ba ta hana sauro cizo. Wanda ya sauka da ita sai ya kare kansa da tufafi masu dogon hannu da man korar sauro, musamman da rana.

Kammalawa

Katin shawara aiki biyu yake yi. Yana shaida cewa matafiyi ya sami kariya idan ya shiga yankin cutar, yana kuma kare mutanen garin da zai sauka a gaba, waɗanda ba su san da zuwansa ba. Abin da ya dace da mai niyyar irin wannan tafiya shi ne ya ga likita makonni kafin tashi, ya duba sharaɗin kowace tasha tare da la'akari da wadda ta gabace ta, ya sake dubawa duk lokacin da aka sauya hanya, ya kuma ajiye katinsa tare da fasfo. Wanda allurar ta dace da shi, ya kuma yi ta tun da wuri, sauyin hanya ba zai hana shi sauka ba, domin kati ɗaya ya ishe shi har abada.