Kayan rabon biki: roba ce matsalar, ko yarwa?

Tun da jihar Legas ta haramta kwanukan soso na zuba abinci a Janairun 2024, sannan ta fara kamen wasu robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a Yulin 2025, wani sabon yayi ya shigo gidajen biki, har da namu na Arewa. An koma raba jakar auduga da ta takarda, ana cewa an kare muhalli. Wai tun da ba roba ba ce, magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Auduga shuka ce mai shan ruwa da maganin ƙwari, kuma kafin ta zama jaka sai an kaɗa, an saƙa, an rina, an yi dakonta, duk ana cin makamashi. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ta yi wannan lissafi a 2011. Ta gano cewa ta fuskar hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta fi leda ɗaya sauƙin illa, ta takarda kuwa sau 3. Kamar sayen keken ɗinki ne don gudun kuɗin tela: sai an yi ta ɗinki yake mayar da kuɗinsa. To wa zai je kasuwa sau 131 da jakar da aka manna wa hoton amarya da ango? An gudu ba a tsira ba.

Wannan ba wanke leda ba ne. Ita ke toshe kwatoci da damina, ita mahauta ke zarowa daga tumbin awaki. Amma bokitin roba mai kauri da zai shekara biyar ana ɗiban ruwa ya fi jakar da za ta ƙare a ƙasan akwati.

Saboda haka mai rabon kayan biki ya tambayi kansa: wannan abin, badi war haka yana aiki? Faifai, tabarmar kaba, ludayi da turmin atamfa sun ci wannan jarrabawa tun zamanin kakanni. Sabulu, zuma da man shanu kuwa ƙarewa suke yi, ba sa zama shara. Dashen mangwaro kyauta ce mai kyau, amma ga mai fili da ruwan ba shi.

Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, amma har yau ana ƙulla kaya a cikinta a kasuwannin Maraɗi. Kafin hukuma ta iya kwashe bola, gara uwar biki ta rage yawan abin da za ta raba, ta ƙara masa inganci.